Shekara Huɗu Yana Fama da Ciwon Baya: Mu Sayar da Fili a Yi Masa Aiki?

Wasiƙu uku na zaɓo wa filinmu na Tambayi Likita a wannan watan, duk daga Sakkwato da kewaye, duk kuma a kan ciwon da ya zauna ya ƙi tafiya. Ta farko za ta ci mana wuri, don irinta nake gani kusan kowane mako.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a Mabera. Maigidana ɗan kabu-kabu ne, shekarunsa 41. Shekara huɗu ke nan da ya faɗi da babur, tun daga nan ciwo ya kama shi daga ƙugu ya sauko ta ƙafar hagu har yatsu. An yi hoton MRI, aka ce faifan da ke tsakanin ƙashin baya ne ya ɗan turo. Babu abin da ba mu yi ba, ƙaho, sakiya sau biyu, jiƙo, rubutu, man zafi. Yanzu safe da dare sai ya sha haɗin kemis, ga tiramadol mai lamba 225, in bai sha ba ba ya iya tashi. Fuskarsa ta kumbura, ba ya barci, abu kaɗan sai faɗa, yara ma gudunsa suke yi. Wani likita ya ce ya ga likitan ƙwaƙwalwa, ya fusata ya ce shi ba mahaukaci ba ne da za a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Ƙanensa da ke karatu a waje ya ce can likitoci da yawa ake haɗawa a kan mutum ɗaya. Akwai irin haka a nan? Ko mu sayar da filinmu kawai a yi masa aiki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba maigida lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya, don wanda bai taɓa kwana kusa da mai nishi ba bai san nauyin da ke kanki ba. Filin nan ku bar shi inda yake tukuna. Zan zo kan maganar aiki, amma akwai abin da ya fi ta gaggawa.

Ki tambaye shi yau ɗin nan, a keɓe, don maza ba su cika faɗin irin wannan ba. Fitsari ko bayan gida na kufce masa, ko fitsarin na ƙin fita? Tsakanin cinyoyinsa da mazaunai ya mutu, ba ya jin taɓi? Ƙafar na ƙara rauni har yana jan ta, takalmi na zamewa bai sani ba? In akwai ɗaya daga cikin waɗannan, ba a kwana da shi. Ku tafi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. Haka in kashinsa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, jini ne ke zuba a ciki. Rama ba dalili da zazzaɓi da gumin dare kuwa suna sa mu nemi tibin ƙashin baya, wanda har yau muna ganinsa, kuma yana warkewa da magani.

In babu ko ɗaya, to mu zauna mu yi magana a tsanake.

Akwai zafin da ke gaya maka ka taka ƙaya, ka cire ta ya wuce. Akwai kuma wanda ya zarce wata uku, wannan halinsa daban, shi ya sa sabon kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022, ya ba shi gurbi nasa. Jijiyoyi da laka da ƙwaƙwalwa, in suka daɗe suna kai saƙon zafi, sai su ƙara kaifi. Kin san lasifikar masallaci in yaro ya murɗa ta har ƙarshe, ladan ya ɗan gyara murya kawai unguwa duk ta ji. Haka jikin maigidanki ya koma. Sunkuyon da bai kai ya kawo ba sai ya iso masa da ƙara. Rashin barci na ƙara murɗa lasifikar, haka tsoro, haka tunanin bashi da kuɗin makarantar yara, haka kwanciya wuri ɗaya. Zafin da yake ji na gaskiya ne, ba raki ba ne, kuma duk wanda ya ce masa raki ne ya zalunce shi.

Hoton MRI ma kada ya firgita ku. Da za a tara masu shekara 40 da ba su taɓa kukan baya ba a ɗauke su hoto, kusan rabinsu za a ga faifan ya ɗan turo. Hoton na da amfani ne in abin da ya nuna ya dace da abin da likita ya gani da ya gwada ƙafar da hannunsa.

Maganar ƙanensa gaskiya ce. Wani likitan sa barci a Amurka, John Bonica, shi ya assasa tsarin. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana kula da sojojin da suka dawo da rauni, sai ya ga akwai waɗanda rauninsu ya warke amma zafi ya ƙi barinsu, kuma shi kaɗai ya kasa. Ya riƙa tara likitan ƙashi da na jijiya da na ƙwaƙwalwa su zauna tare a kan mutum ɗaya. A 1960 ya koma Jami'ar Washington da ke Seattle, ya kafa asibitin da ke aiki a kan wannan tsari. Shi kansa ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa, da ita ya biya kuɗin karatu, kuma ya ƙare rayuwarsa da ciwon gaɓɓai, don haka ya san abin daga ciki. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon baya mai daɗewa, kuma abin da ta sa gaba shi ne ilimantar da mai ciwon, motsa jiki, tausa, gyaran tunani, da wasu magunguna na ɗan lokaci. Ta ce kada a dogara da bel ɗin ɗaure ƙugu, kada a dogara da dangin tiramadol.

Mutanen da ake buƙata duk akwai su a Sakkwato. Akwai 'yan fisiyo, waɗanda jama'a ke kira masu gashi, akwai likitocin ƙashi a cikin gari da asibitin ƙashi na Wamakko, akwai likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam, akwai masu harhaɗa magani. Sai dai a tsarinmu na ƙasar nan kowa na ɗakinsa da ranarsa, majinyaci ne ke yawo tsakaninsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannu goma ma, in babu mai cewa a ɗaga, karkacewa take yi. Don haka ku nemi likitan iyali guda ɗaya ku riƙe shi, ya zama shi ne mai akala. Ku sayi littafi na ɗalibai mai warƙa 40. Duk wanda ya ga maigida, ko likita ne ko wanzami, a rubuta kwanan wata da abin da ya yi da abin da ya ba shi. Littafin nan shi zai zama zaman da Bonica ke tarawa.

Ranar farko kuma ki kwashe duk abin da yake sha, har gorar jiƙo, ki kai wa likitan. Ina da dalilin nacewa a kan wannan. Ina sabon likita, wani dattijo mai dakon buhunan albasa daga wajen Goronyo ya riƙa zuwa wurina da ciwon baya. Duk zuwa in rubuta masa dikilofenak in sallame shi, don layi na jira. Ban taɓa tambayarsa me yake sha a gida ba. Wata rana aka kawo shi ranga-ranga yana aman jini. Ɗansa ya zazzage baƙar leda a kan gado, sai ga ƙananan ƙulle-ƙulle, kowane ƙulli ƙwaya biyar, farare biyu, ruwan ɗorawa ɗaya, ja ɗaya, da wata 'yar mitsitsiya. Da mai harhaɗa magani ya duba, uku a cikin biyar ɗin dangin abin da nake rubuta masa ne. Allah Ya yi da sauran kwana, ya tashi bayan an ƙara masa jini leda uku. Da na je duba shi ya riƙe hannuna ya ce, "Likita, ai ba ka tambaye ni ba." Har yau ina jin muryarsa, kuma tun daga ranar ba na ɗaukar biro sai na ga leda.

Dikilofenak da ibufurofen da 'yan uwansu suna cin bangon ciki, suna taɓa ƙoda. Ki duba mutumin da ke kan babur a watan Afirilu, zafin garin nan ya haura digiri 40, gumi na zuba, ruwa bai ishe shi ba, ga su biyu ko uku a ƙulli ɗaya safe da dare. Kumburin fuskar da kika ambata shi ya fi tayar mini da hankali. Ko dai ƙodar ce ta fara kuka, ko kuma akwai deksametazon ko firednisolon a cikin haɗin, waɗanda ke sa fuska ta yi ɓul-ɓul, su kawo suga da hawan jini, su rarake ƙashi. A gwada masa ƙoda da suga da hawan jini da yawan jini a makon nan. In kuwa aka gano akwai su a haɗin, ba a yanke su rana ɗaya, jikin da ya saba da su na iya zubewa. Likita ne zai riƙa rage su sannu a hankali.

Tiramadol kuma, wanda hukumar NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da mai 100. Mai 225 ta bayan fage yake shigowa, babu mai tabbatar miki abin da ke ciki. Iyakar abin da aka yarda babba ya sha a yini miligiram 400 ne, ƙwaya biyu na mai 225 sun wuce nan, kuma yawansa na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ki tuna a kan babur yake, da fasinja a baya. Kasa tashin da yake yi in bai sha ba, tare da hamma da gumi da tsamin jiki, yawanci jiki ne ke neman ƙwayar, ba bayan ne ya ƙara lalacewa ba. Daɗewa a kan irin wannan magani ma na iya sa jiki ya ƙara jin zafi. Kada ya ɗauka shi kaɗai ne. Binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 ne ke shan dangin tiramadol da kodin ba bisa ƙa'ida ba, kuma da yawan waɗanda nake gani ba shashanci ya kai su ba, ciwo ne da neman abinci. Tiramadol ɗin ma ragewa ake yi a makonni ko watanni, a ƙarƙashin likita. Akwai magungunan zafin jijiya irin su amitiriftilin da ake sha kaɗan da dare, suna taimaka wa barci ma, amma haɗa shi da tiramadol mai yawa na ƙara haɗarin jijjiga. Kin ga abin da ya sa dole mutum ɗaya ya san komai.

Sashen fisiyo ba fitila da na'urar ɗumama baya kaɗai ba ne. Gashi na da daɗi, amma abin da ke kawo canji mai ɗorewa shi ne atisayen da za su koya masa ya riƙa yi a gida. Tarkon da masu irin ciwon nan ke faɗawa guda ne. Ran da suka ji sauƙi sai a hau babur tun asuba har isha a rama asara, sannan a kwanta kwana uku. Ga abin da nake sa su yi. Ya gwada minti nawa yake iya tafiya kafin zafin ya tashi. A ce goma ne, to ya fara da bakwai, kullum, ran daɗi da ran wuya, bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi. Duk mako ya ƙara minti ɗaya ko biyu. Zai ɗan ji zafi, wannan ba alamar wani abu ya karye ba ce. Haka aiki, ya yi awa ɗaya ya sauka ya miƙe, ya guji hanyoyi masu ramuka. Har ya sauka daga kan tiramadol ɗin nan dai, da zai samu wani yaro ya riƙe masa babur su riƙa raba abin da aka samu, da ya fi mini kwanciyar hankali.

Maganar Kware kuwa, ki faɗa masa daga bakina cewa likitan nan bai kira shi mahaukaci ba. Mutumin da ya yi shekara huɗu ba barci, ƙarfinsa da yake alfahari da shi ya tafi, yana kallon matarsa na lallaɓa cefane, dole zuciya ta yi nauyi, nauyin kuma ya koma ya ƙara zafin. Aikin masanin halayya shi ne ya zauna da shi su warware tunanin da ke ɗaure shi, irin "in na sunkuya zan shanye" ko "ni na gama amfani", ya koya masa dabarun numfashi da na barci. Su ne kuma suka fi kowa sanin yadda ake sauko da mutum daga kan ƙwaya. In sunan wurin ne ke damunsa, asibitin koyarwa ma na da sashen. Amma in kika ji ya fara cewa gara mutuwa da wannan rayuwa, kada ki ɗauka maganar fushi ce, ki gaya wa likita da wani babba a danginsa ranar.

Ba zan ce ya bar addu'a da tofi ba, ni ma ina yi. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Usman bin Abil As ya kai kukan ciwo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ɗora hannu inda ke masa zafi, ya yi bisimilla sau uku, ya nemi tsarin Allah da ikonSa daga sharrin abin da yake ji sau bakwai. Ƙaho na ba wasu sauƙi na ɗan lokaci, in zai yi, reza sabuwa a ɓare ta a gabansa, don ciwon hanta da ƙanjamau na bin aska. Tausa da man zafi ba laifi. Sakiya ce nake roƙo a bari. Ƙuna ce a kan fata, ba ta kai inda jijiyar take, na kuma sha wanke gyambon da ta bari. Jiƙon da ba a san abin da aka zuba ciki ba shi ma a dakata da shi har a ga sakamakon ƙoda.

Aiki yana da wurinsa. Yana taimakawa sosai in jijiya ce aka danne, zafin ƙafa ya fi na baya, hoto da gwaji suka yi daidai. Tun da zafin na sauka har yatsu, ya dace likitan tiyatar laka ya gan shi. Ku tambaye shi ƙarara, zafin ƙafa aikin zai rage ko na baya, me zai faru in ba a yi ba, wata nawa kafin ya koma sana'a. Ko za a yi ma, wanda aka sauko da shi daga ƙwaya, jikinsa ya yi ƙwari, ya fi saurin murmurewa. Ku ba wannan tsari wata uku. Ku zaɓi abu uku ku rubuta a shafin farko, misali barcin awa biyar a jere, zuwa masallaci da ƙafa, zama cin abinci da yara ba tsawa. Da su za ku auna, don zafin ba lallai ya tafi duka ba. Ke kuma Hajiya, ki bar shi ya ɗauki butarsa da kansa, kuma ki nemi wata 'yar'uwa ta riƙa karɓarki ko yini ɗaya a mako.

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce a Arkilla, shekaruna 24, ina da sikila. Shekara ɗaya ke nan ƙuguna na dama ke ciwo ko ba rikicin sikilar. Na koyi yi wa kaina allurar fenta, yanzu cinyoyina sun yi tauri, ɗaya ta fashe. Kunya ta hana ni gaya wa kowa.

Amsa: Ƙanwata, na gode da kika amince kika faɗa. Ba lalacewa kika yi ba, zafi ne ya kore ki zuwa inda kika samu sauƙi. Ciwon ƙugun da ba ya tafiya ga mai sikila sau da yawa kan ƙashin cinya ne jini ya daina isa gare shi, yake mutuwa a hankali. Hoto na nuna shi, kuma in an kama da wuri akwai abin yi, daga rage masa nauyi da sanda, zuwa fisiyo, zuwa aiki. Allurar fenta, wato fentazosin, ita ke mayar da tsoka kamar itace, ta bar gyambo mai wuyar warkewa, tana kuma rufe ciwon ƙugun yana ci gaba a ɓoye. Ki je asibitin masu sikila wurin likitan jini a makon nan, ki ɗaga zane ki nuna masa cinyar, ki faɗi allura nawa kike yi a yini ba ragi. Ba ke ce ta farko da ya gani ba. Za a kula da gyambon, a tsara miki yadda za ki sauka daga allurar da wani magani a madadinta, a kuma duba ko haidiroksiyuriya ya dace da ke, don yana rage yawan rikicin. Ki roƙa a rubuta miki takardar abin da za a ba ki duk ran da rikici ya tashi, ki riƙa yawo da ita. Ki zaɓi mutum ɗaya a gida, ko Inna ko yayarki, ku tafi tare.

Tambaya: Ni dattijo ne a Bodinga, shekara 68. Gwiwoyina sun hana ni sujada, ina salla a kujera, raina ba ya so. Ɗana na son a riƙa yi mini allura a gwiwa duk wata.

Amsa: Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Hadisin Imrana bin Husaini a Buhari ya ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe, malaman unguwarku za su ƙara muku bayani. Allurar gwiwa na ba da sauƙi na 'yan makonni, amma ba a yin ta duk wata, aƙalla a bar wata uku tsakani, kuma likitan ƙashi ne zai yi, da tsafta. In kuna da suga ku faɗa masa, tana ɗaga shi. Abin da ya fi ta daɗewa shi ne ƙarfafa cinya. Ku zauna a kujera, ku miƙe ƙafa ɗaya sambal, ku ƙirga biyar, ku sauke, sau goma kowace ƙafa, bayan asuba da bayan la'asar. Sanda a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen gwiwar da ta fi ciwo ba. Dikilofenak na shafawa ya fi na sha aminci ga masu shekarunku. Kuɗin allurar wata biyu kuma, ɗanku ya kai wa kafinta ya yi muku kujera mai rami da za a ɗora a kan masai, don tsugunon nan na safe shi ya fi cin gwiwar.